Fitar Nijar daga ECOWAS: in sa kuɗina a Maraɗi ko in dakata?

Ɗan Dawanau:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Shawara nake nema, kuma don Allah masu faɗan siyasa a ɗan ɗaga min ƙafa yau, maganar kuɗi ce. Ina da wani amini a Maraɗi, mun fi shekara goma muna hulɗa, shi ke haɗo min riɗi da aya da wake ina saukewa a Dawanau, ban taɓa kama shi da cin ko sisi ba. Yanzu ya zo min da maganar mu haɗa jari mu gina sito a can mu sa injin tankaɗe riɗi, a riƙa gyara shi kafin a loda, maimakon a kawo min shi da ƙasa da tsakuwa ina biyan mota kuɗin dakon ƙasa. A takarda lissafin ya yi kyau wallahi. Amma tun da Nijar da Mali da Burkina suka fice daga ECOWAS hankalina ya ƙi kwanciya, don kuɗin da ka binne a siminti da ƙarfe ba ya shiga aljihu ranar gudu. Masu sanin abin ku faɗa min, fitar nan me ta canza a harkar kuɗi, in sa ƙafa ko in tsaya?

Matashin Damagaram:
Wa alaikumus salam Alhaji. Sa kuɗinka kawai ba wani tsoro. CEDEAO ɗin nan, wato ECOWAS, me ta taɓa tsinana mana in ban da rufe mana iyaka da yanke mana wuta da cewa za ta kawo mana yaƙi? Mun fita kuma ga mu nan da ranmu, kasuwa na ci, man mu na fita, yanzu ne ma ƙasa ta zama tamu

Hajiyar Kantin Kwari:
Hmm yaro man kaza. Kasuwa na ci a ina? Zo Kwari ka tambaye mu

Ma'aikacin Banki:
Alhaji barka da dare. Kafin a fara jifa bari in raba maka abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai takunkumi, akwai ficewa, kuma ba rana ɗaya aka haife su ba.

An yi juyin mulki a Yamai 26 ga Yulin 2023, ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka ƙaƙaba takunkumi. Shi ne ya rufe boda, Najeriya ta yanke wutar da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin ɗari daga gare ta, babban bankin yankin sefa wato BCEAO ya riƙe asusun gwamnati. Wannan shi ne dukan da ya karya ƙashi. Har gwamnatin Nijar sai da ta rage kasafin kuɗinta na 2023 da kusan kashi 40. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairun 2024.

Ita kuma ficewa, sun sanar da ita 28 ga Janairun 2024, ta tabbata 29 ga Janairun 2025. Kuma a ranar da ta tabbata ECOWAS da kanta ta ce a ci gaba da karɓar fasfonsu da katinsu, a bar mutane su shiga su fita ba biza, a bar kayansu su ci gaba da cin moriyar tsarin nan na shigar da kaya ba haraji, har sai an zauna an daidaita. To ka ga a aikace ranar ba abin da ya faɗo daga sama. Matsalarka kai mai son gina sito tana cikin kalmar nan "har sai". Alfarma ce ba yarjejeniya ba, kuma alfarma wanda ya ba ka ita yana iya janyewa da sanarwar shafi ɗaya.

Ɗan Dawanau:
To in an janye me zai faru da buhuna?

Ma'aikacin Banki:
Sai ya zama kamar kayan da ya fito daga wata nahiya. ECOWAS na da jadawalin haraji na bai ɗaya ga kayan waje, mataki biyar ne, sifili, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, ya danganta da irin kayan. Yau riɗin Maraɗi ɗan gida ne a Jibiya, ranar da aka ce baƙo ne sai kwastan ya buɗe littafi. Ban ce za a yi ba fa, amma mai ba da bashin shekara biyar dole ya sa wannan a lissafi, shi ya sa za ka ga yana ƙara maka kuɗin ruwa ko ya ce ka kawo jingina a Kano ba a Maraɗi ba

Direban Kwanni:
Ma'aikaci ka yi gaskiya amma kai a ofis ka gani, mu a kan kwalta munka gani. Watan takwas na 2023 ina nan Kwanni da lodin albasa, ga Illela can ina hangen ta da ido, kwana tara muna kwance ƙarƙashin mota. Ranar ta huɗu ruwa ya fara ɗiga daga bodi, baƙi, wari kuwa ko kusa ba ka iya zuwa sai ka ɗaure hanci da rawani. Mai kayan yana kira yana kuka kamar ƙaramin yaro, daga baya ya ce a buɗe a saida ko nawa ne, mata sunka zo da kwanoni suna tsintar ta kirki. Bashi ya ɗauka ya yi lodin nan. Har yau bai koma harkar ba, yana saida katin waya.

Kuma ku da kuke cewa an buɗe iyaka, ta Najeriya ce anka buɗe cikin watan uku na 2024. Ta Gaya da Malanbil fa, da Benin ta buɗe nata gefen Nijar ba ta buɗe ba, kaya sai a kwalekwale a ƙetare kogi. Manyan motoci kuwa sai su taso daga Lome su ratsa Burkina ta Kaya da Dori su faɗo Tera, da rakiyar soja, ka yi sati biyu uku kana jiran a haɗa ayari. Duk kwanan da mota ta yi a tsaye wani ne ke biya, kuma ba mai motar ba ne, mai sayen shinkafa ne a Yamai

Matashin Damagaram:
To wa ya jawo? Ba su ne suka rufe ba? Ka ga ai hujjata ce kake kawowa, ƙungiyar da za ta iya ruɓar da albasar talaka don wani shugaba ɗaya ba ƙungiyar zama ba ce

Ma'aikacin Banki:
Ƙanena a nan ban musa maka ba, takunkumin nan talaka ya ci, kuma ya ci ɗan Illela da ɗan Jibiya da ɗan Maigatari kamar yadda ya ci ɗan Kwanni, shi ya sa sanatocin Arewa suka ƙi maganar yaƙi tun farko. Amma Alhaji ba tambayar wa ke da laifi ya yi ba. Mai kuɗi ba alƙali ba ne, ba ruwansa da mai gaskiya, abin da yake tambaya ɗaya ne, in na ba da yau zan karɓa ranar da aka ce?

Bari in nuna maka inda abin ya fito fili. Ƙasashen sefa takwas na Afirka ta Yamma suna da kasuwa ɗaya da gwamnatoci ke zuwa cin bashi, suna sayar da takardun bashi, bankunan Abidjan da Dakar da Lome da Kwatano su saya. Lokacin takunkumi Nijar ta kasa biyan waɗanda wa'adinsu ya cika, zuwa Fabrairun 2024 abin da ya taru ya kai sefa biliyan 313, sama da dala miliyan 500. Ba wai lallai babu kuɗin ba, hanyar biya ce aka toshe. Amma bankin da ya saya bai ga kuɗinsa ba, shi ke nan abin da ya sani. Kamfanin Moody's mai auna ƙarfin biyan bashi ya sauke Nijar daga B3 zuwa Caa2 a Agustan 2023, ya ƙara saukewa zuwa Caa3 a Fabrairun 2024. Mali ma haka ta faru da ita a 2022 lokacin nata takunkumin. Da Nijar ta koma kasuwar a Afrilun 2024 an ba ta bashi, amma da tsada fiye da yadda ake ba Kwaddibuwa ko Benin, kuma masu bayarwa sun fi son gajeren wa'adi, wata shida, shekara ɗaya. Gwamnatin da ke cin bashin shekara ɗaya ba ta gina hanya da shi, tana biyan tsohon bashi ne da sabo.

Malamin Islamiyya:
Ma'aikaci duk wannan lissafin riba ne fa, Allah ya tsare mu. Alhaji dai haɗin jari zai yi na halal

Ma'aikacin Banki:
Allah ya gafarta malam ban ce ya saya ba. Kamar ma'aunin zafin jiki ne, ko ba ka sha maganin ba ka duba ka san akwai zazzaɓi. In gwamnati na shan wuya wajen samun bashi, tana jinkirta biyan ƴan kwangila, ƴan kwangila su kasa biyan banki, banki ya ƙi ba ɗan kasuwa, kuma gwamnatin ta waiwayo ta nemi kuɗin a wajen wa? Wajen mai sito da inji, wanda ba ya iya gudu

Mazaunin Birmingham:
Salam jama'a, na daɗe ina karatu ban sa baki ba. Ni a gabana aka yi irin wannan a nan Ingila. Ranar 23 ga Yunin 2016 aka yi ƙuri'ar fita daga Tarayyar Turai, masu fita suka ci da kusan kashi 52. Na kwanta fam tana wajen dala ɗaya da santi hamsin, na tashi sallar asuba ta faɗo ƙasa da ɗaya da talatin da biyar, rabon da a ga haka tun 1985. A dare ɗaya fa, kuma ba a fita ba tukun, ba a sa hannu a komai ba, ainihin fitar sai 31 ga Janairun 2020. Na tuna a watan nake haɗa kuɗin da zan tura gida a ƙarasa rufin ɗakin mahaifiyata, na zauna ina lissafi ina jin haushin mutanen da ban ma sani ba.

Abin da ya ba ni mamaki kuma, kasuwar hannun jari ta Landan ta faɗi kwana biyu ta miƙe ta ma wuce inda take, masu goyon bayan fita suna ta murna suna cewa kun gani ba abin da ya faru. Ashe manyan kamfanonin da ke cikinta a waje suke cin kuɗinsu da dala, da fam ta faɗi sai ribarsu ta kumbura a takarda. Ainihin ciwon a hankali ya zo. Shekara huɗu da rabi kamfanoni suna zaune ba su san da wace doka za su wayi gari ba, wanda zai faɗaɗa masana'anta ya ce bari mu gani. A Janairun 2021 da sabon tsari ya fara aiki Amsterdam ta ƙwace wa Landan matsayin kan gaba a cinikin hannun jarin Turai, tun a 2019 kuma hukumar magunguna ta Turai ta koma Amsterdam, ta bankuna ta koma Paris. Ofishin da ke yi wa gwamnati hasashen kasafi ya ƙiyasta tattalin arzikin zai ragu da kusan kashi 4 a dogon zango in aka kwatanta da a ce ba a fita ba. Kuma ƙananan ƴan kasuwa ne suka fi ji, babban kamfani zai ɗauki ma'aikata goma su cike takardun kwastan, mai ɗan shago da ke aika kwali biyar Faransa sai ya haƙura kawai.

Ingila ba ta rushe ba, kar a ce na ce. Amma wanda ke jiran ya ga rushewa kafin ya yarda an yi asara ba zai taɓa gani ba, don masana'antar da ba a gina ba ba ta da hoto

Matashin Damagaram:
Yaya ai Ingila ba wanda ya yi mata mulkin mallaka, mu namu daban ne

Mazaunin Birmingham:
Daban ne ƙwarai, kuma bambancin da ya fi girma ba ma wannan ba ne. Ingila da kuɗinta ta fita, shi ya sa fam ta sha dukan nan take kowa ya gani. Ku kun fita ECOWAS amma sefa na aljihunku

Ɗan Canjin Wapa:
Yauwa!! Yanzu aka zo wajen. Tun ɗazu nake jira wani ya taɓo nan. Alhaji Ɗan Dawanau ka saurare ni da kyau, ka manta da ECOWAS, ka sa ido a kan UEMOA, ƙungiyar ƙasashen nan takwas masu sefa. Su ukun nan duk suna cikinta har yanzu, babban bankinsu yana Dakar, kuma sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957 ba ta motsi. Shi ya sa duk hayaniyar nan da aka yi sefa ko gezau. Mu nan da muke cikin ECOWAS daram, mu ne kuɗinmu ya narke, tun da aka saki naira a Yunin 2023. Jikar sefa, wato sefa dubu, da nake sayarwa dubu ɗaya da ƴan kai, da idona na ga ta haura dubu biyu da ɗari biyar a 2024. Wanda ya ajiye sefa a ƙarƙashin katifa a Maraɗi ya fi wanda ya ajiye naira a banki a Kano cin riba, abin dariya abin kuka.

To amma ranar da ka ji an ce AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina, ta buga kuɗinta, ranar ce za ka san an fita. Janar Tiani da bakinsa a Fabrairun 2024 ya yi maganar kuɗi a matsayin alamar ƴanci da hanyar fita daga mulkin mallaka. Duk lokacin da jita-jitar nan ta taso a Facebook, da hoton wata takardar kuɗi ta ƙarya mai raƙumi ko taswira, wallahi washegari sai ka ga Nijarawa sun cika mana rumfa suna neman dala da yuro. Ba sa jiran a tabbatar

Matashin Damagaram:
Kuma za mu buga insha Allah. Ƙasa mai yuraniyom da fetur da zinariya ta rasa kuɗin kanta? Ku naira ba taku ba ce?

Ɗan Canjin Wapa:
Tamu ce mana, shi ya sa nake gaya maka abin da ke cikinta hhhh

Baba Tsohon Kwastan:
Yara ku bari tsoho ya ce wani abu. Duk abin nan an taɓa yi. Mali ta bar sefa a 1962 zamanin Modibo Keita ta buga nata faran, aka sha wuya, aka karya darajarsa a 1967, a 1984 ta dawo da ƙafarta. Gini ta fita tun 1960 ba ta dawo ba, ku je ku ga sifili nawa ke jikin kuɗinta. Muritaniya ta bar sefa a 1973, ta bar ECOWAS a 2000, ba ta mutu ba, kuɗinta na nan, amma a 2017 ta dawo ta sa hannu a yarjejeniyar hulɗar kasuwanci da ECOWAS ɗin dai. To ka ga ba amsa ɗaya ba ce, ya danganta da hannun da ya riƙe injin buga kuɗin, in gwamnati ta matsu ta ce a buga a biya albashi to an gama.

Ita ma sefar kar ku ɗauka dutse ce. Janairun 1994 aka kwana aka tashi an raba ta biyu, ina bakin aiki a lokacin, na ga Alhazan da suka shigo da jaka cike suka koma da rabin dukiya ba wanda ya taɓa su.

Sannan Alhaji, ni abin da na gani a shekarun da na yi a boda, ba a taɓa buƙatar fita daga ECOWAS kafin a rufe ta ba. Buhari ya rufe a 1984 har zuwa 1986, mutanen Nijar har yunwar shekarar suka sa wa sunansa. Ya dawo ya sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, muna cikin ECOWAS su ma suna ciki, takardar na nan ba wanda ya yage ta. Saboda haka takardar ba ta taɓa zama katanga ba. Amfaninta dai in an rufe akwai teburin da za a je a yi ƙorafi, akwai kotu a Abuja. Yanzu teburin ne babu

Hajiyar Kantin Kwari:
Baba Allah ya ƙara girma. Ni ban san su Moody's ba amma na san littafin bashina. Da, ƴan Maraɗi da Damagaram da Agadas za su zo su ɗauki dila biyar goma na atamfa da shadda, su ba da rabi, sauran sai sun sayar, wani ma waya kawai zai yi a loda masa a Ƴankura. Lokacin da aka rufe boda kuɗina ya kwana a can wata bakwai, ba wai sun ci ba ne, mutanen kirki ne sun biya daga baya, amma wata bakwai ni ma masu kaya suna bina. Yanzu ko da sefarsu ta yi ƙarfi suna zuwa da kuɗi a hannu sun fi da saye ma wani lokacin, ni dai na daina ba da bashin da zai ƙetare boda. Ba ƙiyayya ba, tsoro. Kuma na san ba ni kaɗai ba ce a layinmu

Ma'aikacin Banki:
Hajiya abin da kika faɗa da abin da bankunan Abidjan suka yi abu ɗaya ne sak, kin rage wa'adi kin ce a kawo kuɗi hannu. Ke ce Moody's ɗin Kwari

Hajiyar Kantin Kwari:
Kai dai Allah ya shirye ka

Matashin Damagaram:
To duk kun taru a kaina. Ku faɗi na alheri ma mana. Bututun mai daga Agadem zuwa Seme kusan kilomita 2,000 ba a cikin wannan mulkin ya fara aiki ba a 2024? Sin ba ta ba da dala miliyan 400 ba? Ga bankin zuba jari na AES da aka ce za a sa wa sefa biliyan 500, ga fasfo namu. Masu zuba jari ba Faransa kaɗai ba ce a duniya, akwai Turkiyya akwai Rasha akwai Sin

Ma'aikacin Banki:
Duk gaskiya ne kuma fetur ɗin nan shi ne ya riƙe tattalin arzikin Nijar, ban raina shi ba. Amma duba da kyau. Bututun tun 2019 aka fara shi, kuma ta ina ya bi? Ta Benin, ƙasar ECOWAS, wadda ake rigima da ita, har lodin farko a Mayun 2024 sai da aka yi ta ja-in-ja. Dala miliyan 400 kuma ba kyauta ba ce, kuɗin man da ba a sayar ba tukun aka karɓa, za a biya da ruwa. Ƙasashe ukun nan ba wadda ke da teku, duk abin da za su sayar ko su saya da yawa sai ya taka ƙasar wani.

Sannan mai jarin waje yana kallon abin da ya sami na gabansa. An karɓe lasisin haƙar yuraniyom na Imouraren daga Orano ta Faransa a Yunin 2024, an karɓe na Madaouela daga GoviEx ta Kanada wata ɗaya bayan nan, a 2025 aka mayar da mahaƙar yuraniyom ta Somaïr ta gwamnati. A Mali Barrick mai haƙar zinariya ta dakatar da aiki a Loulo-Gounkoto a Janairun 2025 kan rigimar sabuwar dokar ma'adinai. Kana iya cewa an daɗe ana cutar ƙasashen nan a kwangilolin kuma ni ma ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a ciki sosai, yuraniyom shekara hamsin Arlit na cikin duhu. Amma Baturke ko ɗan Sin da zai zo shi ma ya karanta labarin, zai zo, sai dai zai nemi riba mai yawa cikin sauri, ko ya ce a ba shi ma'adinin a hannu. Wanda ke sa jari a wuri mai haɗari ba mai tausayi ba ne, mai tsada ne.

Kuma ka lura, kasuwar hannun jari ta yankin wato BRVM a Abidjan take, bankin BOA Nijar na cikinta, Coris Bank da Onatel na Burkina na ciki, ana saye ana sayarwa ba a kore su ba, saboda ta UEMOA ce ba ta ECOWAS ba. Maganar Ɗan Wapa ce dai ta sake dawowa

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum, ni ɗan gari ne bari in ce nawa. Alhaji wanga abu da kake tsoro mu ma muna tsoro nai, amma mu ba mu da inda za mu. Maraɗi da Katsina da Kano tun kafin a haifi CEDEAO a 1975 ake hulɗa, kuma ko mi anka yi a Yamai ko Abuja buhu sai ya ƙetara, in ba ta Ɗan Isa ba ta daji bisa babur. Sai dai ta daji tsada gare ta kuma ba a gina inji bisa hanyar daji.

Abin da ni zan ce ka duba ba CEDEAO ba ne, dokokin cikin gida ne da ke fitowa ba sallama. Watan goma na 2024 anka hana fitar da hatsi, gero, dawa, masara, shinkafa, har da wake, sai zuwa Mali da Burkina kaɗai. Kafin babbar salla ta 2025 anka hana fitar da dabbobi. Niyyar a sauƙaƙa ma talaka farashi ce, kuma ya ɗan sauka, amma wanda ya tara wake don Dawanau fa? Ga kuma sabon harajin AES na rabin kashi ɗaya cikin ɗari bisa kayan da ke shigowa, shi wannan bai dame ni ba, daman CEDEAO na amsar irin shi, suna ne ya canza. Sai wuta, in za ka sa inji ka sa kuɗin sola ko janareto cikin lissafi tun yanzu

Ɗan Dawanau:
Wallahi maganar waken nan ta taɓa ni, buhu ɗari biyu da wani abu nawa suka maƙale a lokacin, sai can aminin nawa ya sayar da su a faɗuwa muka raba asarar. Na ma manta ban sa a tambayata ba. Yau wake, gobe wa ya sani ko riɗi

Direban Kwanni:
Kuma jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi fa da ake ta yi, in ya ƙare mu direbobi mun shiga uku

Baba Tsohon Kwastan:
Kilomita 284 ne, tun Fabrairun 2021 aka aza harsashi. Kwantar da hankalinka ɗana, ka ci gaba da canza taya. Amma ka ga abin mamaki, Najeriya na kashe kusan dala biliyan 2 ta kai dogo ƙasar da ta bar ƙungiyarta, kuma ba wanda ya ce a tsaya. Su ma na sama sun san ba a raba hanta da jini

Matashin Damagaram:
A nan dai mun haɗu Baba. Mu da ƴan Najeriya ba mu da matsala, shugabanni ne

Admin:
Jama'a an gode, yau an yi muhawara ba zagi, Allah ya sa a ɗore. Wanda ya turo hoton kuɗin AES ɗin nan na goge, na ƙarya ne, kar a sake

Ɗan Dawanau:
Na gode ƙwarai da gaske, kowa Allah ya saka. Ga abin da na yanke, ku gyara min in na kauce. Ba zan yi gini bana ba. Za mu kama hayar sito na kaka ɗaya, inji kuma ƙarami zan saya wanda mutum shida za su iya ɗagawa su sa a bayan mota, in abu ya rikice a kwana ɗaya yana Jibiya. Takardar haɗin jarin kuma a rubuta a gaban shaidu, a faɗi ƙarara da wane kuɗi za a raba, in sefa ta canza suna ko daraja a koma lissafin yuro. In mun ga kaka biyu lafiya kuma an sa hannu a wani abu tsakanin ECOWAS da AES sai a yi maganar bulo

Ma'aikacin Banki:
Ya yi Alhaji. Ƙara ɗaya, kar ka bar kuɗi mai yawa ya kwana a asusu a can, lokacin takunkumi bankuna sun taƙaita abin da mutum zai cira, mutane na layi tun asuba da kuɗinsu a ciki

Malamin Islamiyya:
Kuma sharaɗin komawa yuro ɗin nan ka kawo min in duba lafazinsa kafin ku sa hannu, akwai yadda ake rubuta shi ya halatta akwai yadda zai zama wani abu daban

Ɗan Dawanau:
Insha Allah malam, gobe bayan la'asar zan shigo. Ɗan Wapa nawa jika take yau?

Ɗan Canjin Wapa:
Ba a faɗin farashi a gida mai mutum ɗari tara Alhaji, duba akwatinka na turo